Tarihin Majigi da Silima a Ƙasar Hausa

Dattawan da suka ga zamanin En'e ba su haɗa majigi da silima a magana, ko da ya ke duka biyu hoto ne mai motsi a jikin farin bango. Suna da hujja. Majigi abin Gwamnati ne, kyauta a ke kallonsa a ƙofar fada. Silima kuwa ta fatake ce, sai an biya a ke shiga, kuma mai mutunci ba ya son a gan shi a bakin ƙofarta. A tsakanin waɗannan biyu Bahaushe ya yi shekara fiye da hamsin yana zaune yana kallon abin da wani ya shirya masa, kafin ya kai ga shirya nasa.

Asalin abin daga Turai ya ke. A watan Disamba na 1895 waɗansu Faransawa biyu, wa da ƙane, da a ke kira Lumiere, suka tara mutane a birnin Faris, suka karɓi kuɗinsu, suka nuna musu hotuna suna tafiya. Ba a cika shekara takwas ba abin ya iso Ikko, aka nuna shi a ɗakin taro na Glover cikin watan Agusta na 1903. Shekarar nan kuwa ita ce wadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Mutanen Arewa a lokacin ba ta kallo su ke yi ba.

Wanda ya fara mai da hoto mai motsi abin koyarwa a Nijeriya wani Bature ne na ma'aikatar tsabta, sunansa William Sellers. A 1929 annobar da ɓeraye ke kawowa ta dami Ikko. Da ya ga jawabi da takarda ba su isa ba, sai ya ɗauki hoton yadda cutar ke yaɗuwa ya riƙa nuna wa jama'a. Daga baya aka shirya masa mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto. Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Jamus a 1939, sai Gwamnatin Ingila ta kafa ofishi a Landan don yin irin waɗannan hotuna saboda ƙasashen da ke ƙarƙashinta, ta ɗora Sellers a kai. Kalmar majigi ita kanta daga Ingilishi aka aro ta, daga sunan wata fitila mai jefa hoto a bango wadda su ke kira fitilar sihiri.

Mutanen karkara, irin na ƙasar Gobir da ke nesa da babban birni, ta majigi suka fara sanin hoto mai motsi, don ba wanda zai gina gidan silima a Gangara ko Isa ko Sabon Birni. Motar majigi ba ta shiga gari sai da sanin En'e. A kan aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagatai da masu unguwa, sankira ya zaga gari yana shela. In dare ya yi sai a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada, a ta da inji, a ajiye wa hakimi da mutanensa kujeru, yara su yi dafifi a gaba, mata su tsaya gefe guda. Akwai ma'aikaci guda wanda aikinsa bayani ne da Hausa ta cikin lasifika, kuma daɗin majigi ko rashin daɗinsa ya rataya ne a bakin wannan mutum. In mai azanci ne sai ya sa wa mutanen cikin hoton sunaye, ya yi musu kirari, jama'a su yi ta dariya.

Abin da a ke nunawa kuwa bai wuce tsabtar gida da rijiya, da amfanin lamba don tsare agana, da noman gyaɗa da auduga, da ajiyar kuɗi, da shiga ajin Yaƙi da Jahilci ba. Sau da yawa labarin na mutum biyu ne, mai hankali da wawa. Mai hankali ya bi shawarar malamin gona ya cika rumbu, wawa ya ƙi ya tashi a tutar babu. Sa'an nan a kawo labarin duniya: naɗin Sarauniyar Ingila a 1953, da hawan dabar da aka yi mata a Kaduna a 1956, da bikin mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, da rangadin Sardauna. Wani lokaci a sa Charlie Chaplin don a huta. Ofishin majigi na Gwamnatin Arewa a Kaduna ya yi nasa hotunan da Hausawa a ciki, wanda ya fi suna shi ne Baban Larai, a kan noman auduga, har yanzu akwai tsofaffin da ba su manta da shi ba.

Majigi ya yi amfani, wannan ba musu. Amma akwai raini a cikin yadda aka tsara shi. Sellers ya ɗauka mutumin Afirka ba zai gane hoto mai sauri ko labari mai sarƙaƙiya ba, saboda haka ya kafa ƙa'ida a riƙa yin kome sannu sannu, a maimaita, kamar ana koya wa yaro tatata. Mutanen da suka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, suka saba da habaici da zambon makaɗan fada, ba su ne labari mai lauje cikin naɗi zai gagara ba. Gidajen silima ne suka ƙaryata shi.

Kwarori, watau mutanen Labanan, su suka riƙe wannan sana'a. A 1937 aka buɗe Rex a Kano, a wajen ganuwa, ba ta da rufi, sai dare ya yi a ke kallo. Daga nan gidaje suka ƙaru a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, har Gusau da Sakkwato. Malamai ba su yi na'am da abin ba tun farko, saboda maganar hoto a shari'a, da cuɗanyar maza da mata cikin duhu, da kuma irin unguwannin da a ke gina gidajen, kusa da inda a ke sayar da giya. Waɗansu suka sa mata suna dodon bango. Sai ga shi a 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya a Kano ana cikin kallo, mutum 331 suka halaka daga cikin wajen 600 da ke ciki. Da yawa suka ce hukuncin Allah ne. A shekarar nan dai aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni sosai, mutanen gari suka yi ta ƙorafi. Daga baya an mai da ginin asibiti.

Da farko hotunan Amurka da na Ingila a ke kawowa, na kaboyi da na yaƙi. Wajen ƙarshen shekarun 1950 Kwarori suka soma gwada na Indiya don sun fi araha, ba su san sun taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi ba. Bahaushe ya ga mata masu lulluɓi da kunya, da maza masu rawani, da uban da ya tilasta wa 'yarsa auren wanda ba ta so, da talakan da mai kuɗi ya danne. Duk ya san waɗannan a gidansu. Sai mutumin da bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba ya zauna sa'a uku yana bin labari, ya fito ya ba da shi daki daki. Mother India, wanda aka yi a 1957, an yi shekaru da yawa ana maimaita shi gida na cika. 'Yan kallo suka raɗa wa 'yan wasan sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Har masu bandiri a Kano suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya.

Telebijin ya zo Kaduna a 1962, ya raini 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi mai Samanja da Kasimu Yero, tashar Sakkwato kuma ta yi suna da Idon Matambayi. A 1976 Adamu Halilu, wanda ya koyi aiki a ofishin majigi, ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa babban fim da Hausa, ya kuma yi wani a kan Kanta na Kabi. Amma irin wannan aiki yana cin kuɗi ƙwarai, in ba Gwamnati ba ba mai iya ɗaukar nauyinsa, saboda haka ba a yi da yawa ba.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kyamarar bidiyo da kaset. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, ba da kuɗin hukuma ba. Marubuta littattafan soyayya, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, suka bi sahu suna mai da littattafansu fim. Kafin shekara goma sana'a ta kafu, har a 1999 Sunusi Shehu na mujallar Tauraruwa ya laƙaba mata suna Kannywood. Babban abin da kaset ya yi shi ne ya shiga cikin gida. Matar aure, wadda ba ta taɓa taka gidan silima ba, ta sami abin kallo a ɗakinta da harshenta, mata kuwa suka zama manyan masu saye. Iyaka ma ba ta tare shi ba. Kaset ɗin da a ke kallo a Sabon Birni shi a ke kallo a Tsibiri da Maraɗi, har Damagaram da zangunan Gana.

Fim ɗin Hausa ya yi gado ta wuri biyu. Rawa da waƙa da labarin so na Indiya ne, Sangaya shi ya nuna wa masu sana'ar irin kuɗin da ke cikin waƙa. Da'awar da kowane mai fim ke yi cewa faɗakarwa ya ke yi, wannan ta majigi ce. Ya kuma gaji zargin da aka yi wa silima. Bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano, Gwamnati ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka sake dakatar da sana'ar na wani lokaci a 2007, a 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa saboda malamai sun ƙi. Masu satar fasaha suka kashe kasuwar faifai. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube, da masu tura fim a waya cikin kasuwanni, su suka ɗauki abin da ya rage.

Inda aka yi sakaci shi ne wajen ajiya, kuma a nan ya kamata a dubi wata ƙaramar ƙasa ta Turai, watau Holan. Mutanenta ba su kai miliyan 20 ba, masu jin harshenta kuma ba su kai masu jin Hausa yawa ba. Amma tun 1946 suka kafa ma'ajiyar finafinai a Amsterdam, a 1956 kuma Gwamnatinsu ta buɗe asusu don taimakon masu yin fim da harshen ƙasa. Ɗan gajeren fim ɗin da Bert Haanstra ya yi a kan masu sana'ar gilashi ya ci kyautar Oscar ta Amurka a 1960, yana nan a ajiye, wanda ya so ya kalla. A ƙasar Hausa kuwa kaset ba ya jure zafi da ƙura, finafinai da yawa na shekarun 1990 sun lalace a shaguna, balle na majigi.

Shaihu Umar kansa an daɗe ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa cikin tsofaffin kayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Barlin a 2018, shekara 42 bayan Adamu Halilu ya gama shi.