Itatuwan inuwa: Yadda ake dasa su da rainonsu a ƙasar Hausa

A kowace damina, gwamnatoci da ƙungiyoyi a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar kan rarraba dashen itatuwa domin samar da inuwa da kuma yaƙi da kwararowar hamada.

To sai dai da yawa daga cikin waɗannan itatuwa ba sa ganin damina ta gaba, saboda ƙishirwar rani da ɓarnar awaki da gara.

Abin da masana gandun daji suka daɗe suna nanatawa shi ne, ranar dashe ba ita ce aikin ba. Shekaru biyu zuwa uku na farko su ne ke nuna ko itace zai rayu ko zai mutu.

Mene ne muhimmancin inuwar?

Zafi a yankin Sahel ya wuce batun rashin jin daɗi, domin yana hallaka jama'a.

A watan Afrilun 2024, zafin rana ya kai digiri 48 da ɗigo 5 a ma'aunin Salshiyas a garin Kayes na ƙasar Mali, a lokacin da asibitocin ƙasar suka ba da rahoton ƙaruwar mace-mace, musamman a tsakanin tsofaffi.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce idan aka dasa itatuwa a wuraren da suka dace a cikin gari, suna iya rage zafin iska da digiri 2 zuwa 8.

Itace na yin haka ta hanya biyu. Ganyensa na tare hasken rana kafin ya gasa ƙasa da bango da kwanon rufi, sannan ruwan da jijiyoyinsa ke zuƙowa yana fita ta ganyen ya sanyaya iskar da ke kewaye.

Waɗanne itatuwa aka fi dogara da su?

Tun kafin zuwan Turawa, garuruwan Hausa na da itatuwan inuwarsu: durumi da ceɗiya da gamji da tsamiya da rimi da maɗaci.

A gindinsu ake zaman fada da hira da ciniki, kuma shi ya sa unguwanni da dama ke ɗauke da sunayensu, kamar Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa a birnin Kano.

Durumi da ceɗiya na da sauƙin dashe, domin reshe kawai ake sara a kafa da damina, ya kama. Tsamiya kuwa jinkirin girma gare ta, amma tana daɗewa ƙwarai. Maɗaci na ba da inuwa mai faɗi a bakin hanya, ko da yake masu ɓare ɓawonsa don magani sun kashe da dama daga cikin manyansa.

Amma itacen da ya mamaye tituna da makarantu da kasuwanni a yau baƙo ne, wato dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina ko bedi.

Asalinsa daga yankin Indiya ne. An shigo da shi ƙasar da a yau ake kira Ghana a zamanin Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, kuma a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno na Najeriya.

Ya karɓu ne saboda yana girma da sauri, yana jure fari, kuma yana riƙe ganyensa a mafi yawan rani. Irinsa ne aka dasa dubbai a filin Arfa da ke Saudiyya domin mahajjata su samu mafaka daga rana.

A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE da manoma sun fara jera shi layi-layi a gonaki a 1975 domin karya ƙarfin iska, aikin da daga baya ya kai tsawon ɗaruruwan kilomita.

A ina ya kamata a dasa?

Kuskure na farko shi ne dasa babban itace dab da gini.

Jijiyoyin durumi da ceɗiya da gamji na bin danshi, suna iya tsaga bango, su shiga rijiya ko ramin masai. Wurinsu fili ne mai faɗi, kamar dandali ko harabar makaranta.

Dogon yaro da mangwaro ma na bukatar tazarar mita biyar zuwa shida daga gini, kuma ba a dasa su a ƙarƙashin wayoyin lantarki, domin ƙarshensu sara ne.

Itacen da ke yamma da ɗaki ya fi amfani wajen sanyaya shi, saboda shi ne ke tare ranar la'asar, wadda ke sa bango ya riƙe zafi har cikin dare.

Yaya ake dashen?

Lokacin da ya fi dacewa shi ne idan ruwa ya zauna, wato watan Yuli zuwa farkon Agusta a mafi yawan ƙasar Hausa. Dashen ƙarshen damina ba ya samun damar kafa jijiya kafin iskar hunturu ta taso.

Ana haƙa rami mai faɗi da zurfin kimanin rabin mita, a gauraya ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki na ƙona jijiya, yana kuma jawo gara.

Wajibi ne a cire ledar da aka raini dashen a ciki ba tare da an wargaza ƙasar da ke riƙe da jijiyoyin ba, sannan a binne shi daidai inda ƙasa ta tsaya masa a cikin ledar. A danne ƙasar, a yi ɗan gurbi kewaye da gindin domin ruwa ya tsaya.

Mai son rainon dogon yaro daga iri sai ya hanzarta shukawa, domin ƙwayarsa na mutuwa cikin 'yan makonni bayan ta nuna. Haka kuma itacen ba ya jure wurin da ruwa ke kwanciya.

Yaya ake rainon?

Shinge shi ne abu na farko. Akuya ɗaya na iya cinye aikin wata shida cikin 'yan mintoci, don haka ake kewaye dashe da ƙaya ko kwando ko bulo mai ramuka, har sai kansa ya fi ƙarfin bakin dabba.

Na biyu ban-ruwa. A ranin farko da na biyu, bokiti guda sau biyu a mako ya fi yayyafin kullum, domin ruwan da ya ratsa ƙasa ne ke jan jijiya zuwa zurfi. Ruwan alwala da na ɗauraya na iya wadatarwa idan babu sabulu mai yawa a ciki.

Shimfiɗa busasshen ganye a kewaye na rage bushewar ƙasa, amma kada ya taɓa gindin, saboda gara.

Na uku sassabe. Ana rage rassan ƙasa sannu a hankali da wuƙa ko zarto mai kaifi, domin itacen ya miƙe ya buɗe inuwa sama da kan mutum. Sare masa kai gaba ɗaya na buɗe ƙofa ga ruɓa.

Darasi daga Maraɗi

Hujja mafi ƙarfi a kan fifikon raino ta fito ne daga gonakin kudancin Nijar.

A 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya ga yawancin abin da yake dasawa a yankin Maraɗi na mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa toho ne daga kututtukan itatuwa masu rai.

Manoma suka koma zaɓar toho mafi ƙarfi su bar shi, su sassabe sauran, dabarar da ake kira sassaben zamani.

An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana, sannan ya yi ganye da rani lokacin da mutum da dabba ke neman inuwa.

A ɗaya ɓangaren kuma, shirin Tarayyar Afirka na kafa gandun itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda aka ƙaddamar a 2007, na da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 nan da 2030. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa hekta miliyan 4 kacal aka cimma zuwa wannan lokaci a ainihin yankin da aka shata.

A Maraɗi da Damagaram dai, kowane itace na da manomin da ya san nasa ne, kuma shi ke kare shi daga gatari da bakin akuya.