Tafiyar Kumfar Iska a Cikin Ruwa Mai Juyawa

Kumfar iska a ruwan da ke kwance sama take yi, amma idan ruwan na juyawa da ƙarfi sai ta nufi tsakiya. Dalili shi ne ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Juyawar tana wurga ruwan zuwa gefe, matsi ya ƙaru a can, ya tunkuɗo kumfar zuwa cibiya inda matsin ya fi rauni. Manyan kumfa sun fi ƙanana saurin isa, ruwa mai kauri kuma yana rage musu gudu. Hanyar kumfar ba miƙaƙƙiya ba ce, takan karkace saboda wani ƙarfi da masanin Faransa Gaspard-Gustave Coriolis ya bayyana a 1835.

Ana ganin haka a injin ban-ruwa, irin wanda ake jan ruwa da shi daga kogin Rahad a Sudan. Idan iska ta shiga ta tsagar tiyo, sai kumfa ta taru a tsakiyar farfela ta toshe mashigar ruwa. Injin na ta ruri, amma ko ɗigo ba ya fitowa. Shi ya sa ake cika shi da ruwa kafin a tayar, a kuma ɗaure bakin tiyo tamau.

Da wannan ka'ida ta juyawar ruwa ce wasu masana'antun man fetur ke raba gas da ɗanyen mai.