Kore Ba Ya Nuna Dangi: Tarihin Ƙananan Gansakukan Teku

Mai karatu, idan ka taɓa riƙe kwalbar koren gari da aka ce maka daga teku ya fito kuma yana ƙara lafiya, to akwai tarihin da ya dace ka sani kafin ka kai cokali baki. Gansakuka ba halitta guda ba ce, kuma masana sun daɗe suna ware wadda ke dangin tsirrai daga wadda kama kawai ta yi.

A shekarar 1674 ne Antonie van Leeuwenhoek, ɗan ƙasar Holan, ya duba ruwan wani tafki da madubin da ya ƙera, ya ga ƙananan halittu koraye a ciki. Tun daga nan aka riƙa rarraba su bisa launi da siffa, domin iyakar abin da ido ya iya gani ke nan. Amma na teku sun fi ƙarfin wannan madubi. A 1952 Butcher ya bayyana wata ƙwaya mai bulala ɗaya tak da take iyo da ita, ya sa ta cikin masu ruwan zinariya. Sai a 1960 Irene Manton ta Jami'ar Leeds da Mary Parke ta Plymouth a Ingila suka sake nazarinta da madubin lantarki, suka raba ta da wancan gida, suka raɗa mata suna Micromonas. A yau tana cikin koraye.

A 1994 kuma masu bincike suka gano wata a tafkin Thau mai ruwan gishiri, a kudancin Faransa. Na'urar da ta tona ta irin wadda asibitoci ke ƙirga ƙwayoyin garkuwar jiki da ita ce, mai tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske. Aka kira ta Ostreococcus tauri. Faɗinta bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Sai ka jera kusan goma kafin su kai faɗin jar ƙwayar jininka guda. Duk da haka tana da cibiya mai riƙe da kayan gado, da ɗaki ɗaya na haɗa abinci daga hasken rana, da ɗaki ɗaya na samar da kuzari. A 2006 aka karanta kundin gadonta, aka ƙirga ƙwayoyin gado wajen 8,000.

Karatun gado ya rushe tsohon rabo. Rukunin Prasinophyceae, wanda Christensen ya kafa a 1962, ashe taron zuriya daban-daban ne. Shi ya sa a 2010 Marin da Melkonian suka ware Micromonas da Ostreococcus da 'yan uwansu zuwa sabon aji, Mamiellophyceae.

Ina ruwanka da wannan? Dubi abin da ake sayarwa. Sifirulina, wadda Kanembu ke kwasa daga tafkunan kanwa na yankin Tafkin Chadi su shanya su kira dihe, bakteriya ce, ba ta da cibiya ko kaɗan. Chlorella gansakuka ce ta gaske, galibi ta ruwan daɗi, tana ɗauke da bitamin K wanda zai iya rage ƙarfin warfarin, maganin hana jini daskarewa. Dunaliella salina kuwa ta ruwan gishiri ce, daga ita ake tatsar sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sinadarin da aka gargaɗi masu shan taba kan yawaita shansa. Wasu bakteriya masu launin kore-shuɗi ma suna fitar da guba mai lahanta hanta, kuma tana iya gurɓata garin da ba a tantance ba.

Saboda haka juya kwalbar ka nemi sunan kimiyya da lambar rajista. Idan babu su, ajiye ta. Idan kana shan wani magani, ko mace tana da juna biyu, a kai kwalbar wa likita ko mai harhaɗa magunguna tukuna. Abin da ya ɗauki masana shekaru fiye da 300 suna tantancewa, launi kaɗai ba zai faɗa maka shi ba.