Kaza da 'ya'yanta sun ɓace wa yaran Tasawa

A makon jiya na tambayi ɗalibaina a aji wa zai iya nuna mini Kaza da 'ya'yanta. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce akwai su a gidansu, har guda tara ta ƙyanƙyashe. Aji ya ɗauki dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Lokacin da nake kamar shekarunsa a ƙauyenmu na ƙasar Mayahi, babu yaron da ya isa kiwo da bai san wannan curin taurarin ba.

Kakana bai shiga lakwal ba, kuma babu kalanda a ɗakinsa. Idan zafin bazara ya tsananta, Kaza takan faɗa cikin hasken rana a daina ganin ta. Sai ya riƙa fita da asuba yana duban gabas, ranar da ta sake ɓullowa kuwa, wajen tsakiyar watan Yuni, ya ce a fiddo iri a gyara kayan shuka. Ba kullum ruwa ke biye masa ba. Akwai shekarar da muka yi binne hatsin ya ƙone a ƙasa. Amma lissafin bai taɓa zamewa daga lokacinsa ba, domin tafiyar taurari da shekarar rana take, ita ce kuma shekarar manomi. Watannin Musulunci su kan ja baya da kwana 11 ko kusa da haka duk shekara, shi ya sa ba a ɗora shuka a kansu.

Malaman zaure sun fi haka zurfi. Lissafin da suka gada daga littattafan Larabci ya kasa shekara gida 28, kowane gida da tauraronsa, bakwai bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, in ban da Jabha mai kwana 14. Ku buga da kanku: 27 sau 13 ya ba da 351, a ƙara 14, ga 365 cif. Surayya da ke cikin jerin ita ce Kazar kakana, Dabaran na biye da ita. Malaman ƙasar Hausa sun mayar da wannan jeri waƙa da ajami don almajiri ya haddace, har wani Bature ɗan Ingila, Mervyn Hiskett, ya yi nazari a kai a 1967. A makarantar horon malamai an koya mana duniyoyin da ke kewaya rana da sunayensu na Faransanci, amma ban ji wanda ya ambaci wannan lissafi ko sau ɗaya ba. Na ɗauki wannan asara ce, domin darasin lissafi ne da labarin ƙasa a haɗe, kuma da harshen da yaro ya tashi da shi.

Su ma baƙin da suka ratsa ƙasar nan sama suke duba. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa, bayan ya biyo ayarin gishirin Abzinawa daga arewa. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg shi ne mai awon taurari a cikinsu, da haka suke gane inda suke a bayan ƙasa su sa a taswira. Daga nan suka rabu, Barth ya bi ta Gazawa zuwa Katsina, Overweg ya nufi Gobir da Maraɗi. Tauraron da madugu ke kallo ya san tsawon daren da ya rage, shi Bature yake aunawa da na'ura ya rubuta lamba.

Ranar da na ga dukan gari ya ɗaga kai lokaci guda ita ce Laraba 29 ga Maris 2006, ina sabon malami. Inuwar wata ta taso ta Gana da Togo da Benin, ta ratsa Gusau da Katsina, ta hau kanmu wajen ƙarfe goma da rabi na safe. Rana ta rufe ruf na mintoci kaɗan, ba su cika huɗu ba. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, wasu suka ruga masallaci don sallar husufi. A cikin wannan duhun rana tsaka sai ga Gamzaki ya fito sarai. Wata tsohuwa a maƙwabta ce ta fara gane shi, ba ni mai takarda ba. Ita ce kuma na yi wa bayanin cewa Gamzakin asuba da Zara matar wata ta magariba abu ɗaya ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Ta dube ni ta ce boko ya fara taɓa ni.

Abin da ya raba yaranmu da sama ba boyayye ba ne. A da fitilar aci-balbal ce ko ta ƙwai, a kashe ta bayan lisha, a fito dandali. Yanzu ga ƙwan lantarki a ƙofar kowane shago, ga fitilun sola, ga salula a tafin hannu. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya ga ƙananan taurari, kuma duba salula sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan. Manyan birane sun riga mu nisa. Taswirar da masana suka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama. A Los Angeles ta Amurka, da girgizar ƙasa ta kashe wuta a Janairun 1994, mutane sun yi ta buga waya suna tambayar wane irin baƙon abu ne a sama. Mazauna irin waɗannan biranen bakin teku sai sun yi tafiyar sa'o'i a mota su ga abin da ɗan kiwo a Korgom ko Kanembakashe ke gani kyauta.

Mu ma mun ɗanɗana. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, garuruwa suka shiga duhu na watanni. Ba zan yabi wannan lokaci ba: masu injin niƙa da masu ƙanƙara da majinyata sun sha wuya, kuma har gobe yawancin ƙauyukanmu neman wuta suke. Sai dai a cikin waɗannan dararen ne 'yata ta fara tambayata ko hayaƙi ne ya miƙe a sama daga kudu. Shekarunta goma a lokacin, a Tasawa aka haife ta.

Saboda haka nake ba 'yan'uwana malamai da iyaye shawara. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya sauko. A zaɓi ƙarshen wata ko farkon tsayuwarsa, don farin wata yana haɗiye taurari. Ba sai an yi nisa ba, gonar da aka girbe a bayan gari ta isa, a juya wa fitilu baya. A sanar da maigari, kowane yaro ya sa takalmi saboda kunama, a tattara saluloli a jaka ɗaya. Mai shago kuma in ya yi wa ƙwansa hula da gwangwani, hasken zai sauka kan kayansa, ya daina tashi sama a banza.

Ni na riga na roƙi wani dattijo a unguwarmu da ya haddace gidajen nan 28 ya raka mu. Ya yarda, da sharaɗin a kawo masa tabarma da shayi, kuma kada wani yaro ya haska masa tocila a ido.