Daga tandun kwalli zuwa lambar NAFDAC: wa ke magana da yawun 'yan koli?

Sana'ar sayar da kayan kwalliya ta girmi Abuja nesa ba kusa ba. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda aka kafa kasuwar Kurmi a mulkinsa sama da shekara 500 da suka wuce, 'yan koli suna baje kwalli da lalle da turaren wuta da madubi da tsakiya. Baturen nan Kilafaton da ya sauka Kano a 1824 ya ba da labarin yadda mata ke rina gashi da shuni, suna jan haƙora da fure da goro. Shi kwallin dutse ne da fatake ke ɗaukowa daga ƙasashen Binuwai, a niƙa shi a zuba a tandu. Jibda kuwa, wadda ake kankarowa daga jikin tunkun juda, har Tarabulus ake kai ta, Larabawa na saye da tsada. Ke nan a wancan lokaci ba saye kaɗai muke yi ba, mu ma muna da abin da duniya ke nema a hannunmu.

Abin da nake so mu duba a tarihin nan shi ne, wa ke tsaya wa ɗan kasuwa idan magana ta kai gaban hukuma? A da amsar a fili take. Cikin gari akwai Sarkin Kasuwa, shi ke raba rumfuna, shi ke kai kuka fada. A kan hanya akwai madugu, shi zai zauna da sarkin kowace ƙasa a daidaita kuɗin fito kafin ayari ya wuce. In an sauka zango sai fatoma, wanda zai ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi. Amma fa mutanen nan ba roƙo kaɗai suke yi wa 'yan kasuwa ba, suna kuma tsawata musu. Madugun da ya bari ɗan ayarinsa ya cuci mutanen gari, shi za a tare baɗi. A Sakkwato ta zamanin Shehu har muƙamin muhtasibi aka yi, mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli da algus. Asalin aikin kuwa sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami: Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya tarar an ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma yi wa mai shi faɗa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kasuwa ta juya. Kamfanin Lever ya kafu a Legas a 1923, PZ ya buɗe masana'antar sabulu a Aba a 1948, kantuna suka cika da sabulun ƙamshi da hoda da man kwalba. Turaren Bintu Sudan da iyayenmu mata ba sa haɗa lefe sai da shi, a Landan aka fara haɗa shi a 1920, a kamfanin Bush, daga baya ne kamfanin Gongoni ya riƙa yin sa a Kano. Daga nan mai yin kaya ya yi nisa da mai sayarwa. A da mace ta san wadda ta daka mata lalle, ta san gidan da aka soya humrar. Yanzu mai rumfa kansa bai san abin da ke cikin kwalbar ba, ya dai saro dozin ya kasa. Su kuwa masu masana'antu ba su yi barci ba, a 1971 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, MAN, wadda har yau in gwamnati za ta taɓa harajin kwastan sai an ji ta bakinta.

Mu nan Abuja zuwanmu na jiya ne. Janar Murtala ya sa hannu a dokar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairun 1976, tsohuwar Abuja ta koma Suleja, gwamnati kuma ba ta tare ba sai 12 ga Disambar 1991. Tsakanin nan ne magabatanmu a unguwar nan suka riƙa shigowa daga Suleja da faifan koli a ka, suna bin sansanonin leburori da basilin da sabulu da ɗan turare. Sannu a hankali faifai ya zama tebur, tebur ya zama shago a Wuse da Garki da Nyanya. Ƙungiyoyin da aka kafa a lokacin, buƙatar lokacin ce ta haife su: neman rumfa, gudummawar biki da rasuwa, kai gawa gida, belin wanda aka kama. Da rusau ya zo a shekarun 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke ministan birnin, waɗannan ƙungiyoyi ne suka riƙe mutane da yawa har suka sake tsayawa da ƙafafunsu. Allah ya saka wa dattawan da suka yi wannan wahala. Sai dai har yau, in aka zo taron shekara sakatare ya tashi karanta rahoto, abin da za ka ji ke nan: an tara kaza, an kashe kaza a ta'aziyya, an karɓo kayan wane da aka kwashe. Ban taɓa jin an ce ga wata doka da ake shirin yi, mun je mun faɗi ra'ayinmu kafin a sa hannu ba.

A Amurka masu wannan sana'a suna da ƙungiya tun 1894. Masu haɗa turare ne suka fara ta a birnin New York, yau kuma hedikwatarta na Washington kusa da majalisa. Su ma duk shekara suna fitar da rahoto, amma nasu lissafin dokoki ne: wacce muka goyi baya, wacce muka nemi a gyara, wacce ke tafe. Ba wai don sun fi mu tsoron Allah ba, kare dukiyarsu suke yi. Sun ga abin da ya faru a 1933, da wani maganin rina gashin ido ya makantar da mata, jama'a suka fusata, har aka yi dokar 1938 da ta sa kayan kwalliya ƙarƙashin hukumar abinci da magunguna. Da aka zo sabunta dokar a Disambar 2022, da su aka zauna aka tsara ta.

To mu fa? A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba zai ƙara ba da dala a farashin gwamnati don shigo da su ba. Sabulu da kayan kwalliya na ciki. A rediyo muka ji. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka yanke. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, ɗage takunkumin dalar da aka yi a Oktoban shekarar bai rage wa mai saye komai ba. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujjarsa, ba ina cewa duk kuskure ba ne. Abin da nake cewa shi ne, a nan garin aka yanke su, tafiyar minti ashirin daga rumfunanmu, kuma babu wanda ya tambaye mu, don ba mu da wanda za a tambaya.

Yanzu bari in zo inda gizo ke saƙar, wato man bilicin. An kafa NAFDAC a 1993, amma yawancinmu ba mu san da ita ba sai da aka naɗa Dora Akunyili a 2001, matar da aka harbi motarta a Disambar 2003 saboda yaƙin da take yi da jabun magunguna. Daga lokacinta ne mai saye ya koyi juya kwalba yana neman lamba. Ƙa'idar hukumar ta 2019 ta haramta zaiba a man shafawa, ta haramta magungunan siteroyid, ta kuma ce sinadarin haidurokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zaiba tana ratsa fata ta taru a ƙoda, tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana isa ga ɗan da ke ciki. Siteroyid yana sa fata ta yi siriri kamar ledar biredi, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa, har likita ya rasa inda zai ɗinke in an yi tiyata. Shi kuma haidurokwinon, in an daɗe ana shafawa, fuskar da aka so ta yi fari sai ta yi baƙin tabo wanda ba ya fita. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Minamata ta hana zaiba a 2018. A 2020 Sanata Oluremi Tinubu ta kai maganar gaban Majalisar Dattawa. A Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce lamarin ya zama annobar da ke buƙatar matakin gaggawa, tana kafa hujja da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da ya ce kashi 77 cikin 100 na matan ƙasar nan suna amfani da man ƙara haske. Ko mutum ya yi jayayya da adadin, wanda ke zaune a rumfa ya san abin da aka fi tambaya.

Kuma mafi muni ba na kwalba mai lamba ba ne, haɗin bayan shago ne. A samo man kirki, a matse masa tuf biyu uku na maganin ƙurji, a zuba wani ruwa da ba suna a jikinsa, a juya da cokali a ɗura a roba. Amarya ta zo saura mako uku biki, a ce mata wannan zai yi aiki kafin kamu. A 2025 BBC ta yi rahoto daga Kano a kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan 'ya'yansu irin wannan, har fatar yaran ta ƙone. Jama'a, yaro bai san fari ba bai san baƙi ba. Malamai sun yi bayani a kan canza halittar Allah, ba sai na maimaita ba. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne hukuncin mai sayarwa, wanda ya san akwai cuta a cikin robar ya kuma yi shiru don ribar dubu biyu. In jami'ai sun zo kwasa kuwa ba sa tantance mai haɗi da mai gaskiya, layin gaba ɗaya ake rufewa. Ran nan sai ka ga shugabanni sun sa manyan riguna an tafi roƙo. Wa zai saurari roƙon ƙungiyar da ta san rumfar da ake haɗin, ta kuma karɓi kuɗin wata a hannun mai ita? Madugun da ba ya haka.

Ko kwallinmu na gado bai tsira ba. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, aka bi diddigi aka tarar kwallin da ake sa masa ne, da aka auna shi sama da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba. Sa kwalli sunna ce, amma ismidin da ya zo a hadisi ba shi ne kowane baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a kasuwa ba. Kai samfuri ɗakin gwaji a auna ba abin da ya fi ƙarfin asusun ƙungiya ba ne, bai kai abin da muke kashewa a abincin taro ɗaya ba.

Sai man kaɗanya, wanda shi ne jibdar wannan zamani. Itacen kaɗe ya cika jihohin Neja da Kwara da Kebbi, mata ne ke tsintar 'ya'yan da damina. Tun da Tarayyar Turai ta yarda a 2000 a riƙa sa har kashi 5 cikin 100 na irin wannan mai a cakulan, buƙatarsa ta tashi, manyan kamfanonin man shafawa su ma suka shigo. A 2011 masu harkar suka kafa ƙungiya ta duniya mai ofis a Ankara ta Gana. A ƙarshen Agustan 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe na wata shida, bayan Barkina Faso da Mali sun riga mu yin haka. Hujjar gwamnati ita ce Nijeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗen duniya, amma rabonta a cinikin bai wuce kashi 1 ba, don ɗanye muke sayarwa wasu su tace. A watan ne kuma aka buɗe babbar matatar man kaɗe a Kudu, cikin ƙaramar hukumar Mokwa. Masu matatu sun yi murna, masu fitarwa sun koka a jaridu, farashin buhu ya faɗi cikin kwanaki, asarar ta sauka a kan matan ƙauye da ƙananan dillalan da suka riga suka tara kaya, cikinsu har da 'yan unguwar nan masu zuwa sari Bida da Kontagora. Kowane ɓangare an ji muryarsa ban da waɗannan biyun.

Majalisar da ke sauraron ra'ayin jama'a kafin ta yi doka tana nan cikin gari, hedikwatar NAFDAC tana Wuse, kuma hukumar kan wallafa daftarin ƙa'idojinta a intanet ta ba da wa'adi ga mai gyara. Cikin 'ya'yanmu akwai waɗanda suka karanta haɗa magunguna da lauyoyi, wasunsu da kuɗin hoda da jan-baki aka biya musu makaranta. A taron bana zan nemi a ware mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace mai sana'ar gyaran jiki, aikinsu bin waɗannan daftarori da zagaya rumfunanmu, kuma baɗi a karanta rahotonsu kafin na ma'aji.