Masaƙiyar littattafan soyayyar Amurka: daga ina ta fito?

Cikin littattafan soyayya na tarihi da ake tallatawa a Amurka, ba a rasa wata tauraruwa da marubuta ke ji da ita: mace mai masaƙarta, mai cin gumin kanta, a zamanin da Ingila ke mulkin mallakar ƙasar. An yi irinta da gaske, sai dai ta makara wajen bayyana.

Turawan da suka fara zama a yankin New England sun zo da al'adar gida ne. Saƙa sana'ar maza ce da yaro ke koya a hannun maigida, kaɗi kuwa na mata. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don a nan ma mata ke murza mazari, maza su zauna da ƙoshiya. A 1656 hukumar Massachusetts har doka ta kafa cewa kowane gida sai ya kaɗa zare gwargwadon hannuwan da ke cikinsa. Ingila kuwa ba ta son kishiya a kasuwar tufa, shi ya sa a 1699 ta hana yankunan da take mulka fitar da ulu ko yadinsa zuwa waje.

Sannu a hankali, cikin ƙarni na 18, masaƙa ta koma hannun mata a New England. Uwa ta koya wa 'ya, maƙwabciya ta ari kayan aiki ta biya da zare ko da yinin aiki. A Pennsylvania kuwa maza suka ci gaba da riƙe abinsu. Siyasa ce ta ɗaga darajar aikin. Da Ingila ta ƙaƙaba haraji a 1765 da 1767, jama'a suka ƙaurace wa kayanta, mata suka riƙa taruwa a gidajen limaman coci da kekunan kaɗinsu tun safe har yamma, jaridu na buga yawan zaren da suka kaɗa. Sanya saƙar gida ya zama alamar kishin ƙasa.

Mafi kyawun shaida ita ce littafin da ungozoma Martha Ballard ta riƙa rubuta al'amuranta na kullum a cikinsa a garin Hallowell, daga 1785 zuwa 1812. A ciki ana ganin 'ya'yanta mata kan masaƙa, da lissafin wa ya kawo zare, wa ya karɓi yadi. Masaniyar tarihi Laurel Thatcher Ulrich ta yi nazarinsa, ta ci kyautar Pulitzer a 1991.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A dokar Ingila ta lokacin, mace na yin aure dukiyarta da abin da ta samu sun koma hannun miji, ba ta ƙulla ciniki da sunanta. Budurwa da bazawara ne ke da wannan 'yanci. Pennsylvania ta ɗan sassauta a 1718 saboda matan da mazansu suka tafi aikin jirgin ruwa. A Kudancin ƙasar kuma da yawan masu saƙar bayi ne, ba su da ko da zaren da ke hannunsu.

Injin ya zo ya rufe babin: Samuel Slater ya kafa nasa a Pawtucket a 1790, sai masaƙar Waltham a 1814. Da abin ya wuce sai kewa ta taso, har limami Horace Bushnell ya yi jawabin yabon zamanin saƙar gida a 1851. Da alama daga wannan kewar marubutan soyayya suka ɗebo tauraruwarsu.

Saboda haka in irin littafin nan ya faɗo hannunka, karanta ka more, amma ka lura da babin ƙarshe. Ranar da aka ɗaura auren da ake ta jira, a ranar doka ta miƙa wa ango masaƙar.