Yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa: me za su ci a Birnin Zazzau?

A ƙasashen Turai da Amurka, shawarar farko da likitoci kan bai wa iyayen yaron da gyaɗa ke tayar wa borin jini ita ce su riƙa karanta rubutun da ke jikin kwalin abinci kafin su saya.

Wannan shawara ba ta da wani tasiri sosai a cikin ganuwar Zariya, inda ake auna yaji da gwangwani, ake sayen man gyaɗa a kwalba daga gidan maƙwabta, kuma mafi yawan abin da yaro zai ci a yini ba ya zuwa a cikin kwali. A nan, sanin yadda ake haɗa kowane abinci ne ke maye gurbin wancan rubutu.

Mene ne ciwon?

Ciwo ne da ke faruwa idan garkuwar jiki ta ɗauki sinadarin furotin da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba. Alamominsa kan bayyana cikin 'yan mintoci, ko kuma kafin sa'o'i biyu da cin abincin: ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke tashi rudu-rudu, kumburin leɓe da idanu, amai da murɗawar ciki.

Idan ya yi tsanani, maƙogwaro kan kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, yaro ya galabaita ko ya suma. Wannan mataki na iya kisa, kuma haɗarin ya fi yawa ga yaron da ke da asma. Ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ya isa ya tayar da shi ga wasu yaran, kuma dafawa ko suya ba ta kashe sinadarin. Kimanin yaro ɗaya cikin biyar ne kawai ke rabuwa da ciwon idan ya girma.

Binciken da aka yi a Afirka ta Yamma ya nuna cewa ciwon bai yawaita ba. A wani nazari da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta sama da 1,000 a Ghana, kashi 17.5 cikin ɗari sun nuna alamar ƙin gyaɗa a gwajin jini, amma kashi 1.5 cikin ɗari ne kawai aka ce gyaɗar ta taɓa yi musu illa. Masu binciken sun danganta wannan tazara da tsutsar da ke haddasa tsargiya, wadda ke sa gwajin jinin ya nuna abin da babu shi.

Darasin da ke nan yana da muhimmanci ga arewacin Najeriya, inda tsargiya ba baƙuwa ba ce: takardar gwajin jini ita kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da gyaɗa. Sai likita ya haɗa ta da labarin abin da ya faru da yaron bayan ya ci.

Inda gyaɗa ke ɓuya

Zariya gari ne na gyaɗa. A Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ce ta fitar da irin gyaɗar nan da ake kira SAMNUT, kuma a gidajen cikin birni matsar mai da toya ƙuli-ƙuli tsohuwar sana'a ce ta matan aure.

Gyaɗa soyayya da dafaffiya da kunun gyaɗa, waɗannan kowa na ganinsu. Wadda ba a gani ce matsalar.

Yajin tsire da na balangu garin ƙuli-ƙuli ne jigonsa. Kilishi kuwa a cikin kwaɓin tunkuza ake tsoma shi kafin a sake shanya shi, don haka babu batun karkaɗewa. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli ake yinsu. Miyar taushe da gyaɗa ake ɗaure ta, haka ma miyar zogale da ta alayyafo a gidaje da yawa. Faten tsaki, wanda ake tsokanar Zage-zagi da ƙaunarsa, sau da yawa akwai dakakkiyar gyaɗa a cikinsa, kuma da zarar ta narke a tukunya ido ba ya iya gane ta.

Batun mai yana buƙatar bayani. Man gyaɗar da aka tace sosai a masana'anta kusan babu sauran furotin a cikinsa, kuma akasarin masu ciwon ba ya yi musu komai. Man da aka matse a gida, wanda ƙamshinsa ne ke sa a fi son sa, yana ɗauke da furotin ɗin. Shi ake zubawa a ɗanwake da shinkafa da wake, da shi ake toya ƙosai da waina da awara. Ko mai tuya ta ce da man kanti take aiki, ya kamata a tambaye ta ko tana gauraya shi da na gida, domin hakan na faruwa.

Sai kuma injin markaɗe na unguwa, wanda iyaye kan manta da shi. Injin da ya markaɗa gyaɗa yanzu shi zai markaɗa waken alala ko kayan miya nan da minti biyar, kuma ɗaurayar da ake yi masa ba ta wuce kofin ruwa ba. Haka turmi da taɓarya da ludayi da wuƙar mai tsire.

Abin da ya rage

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Tuwon masara ko na dawa ko na shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa, idan da manja ko man shanu aka yi, babu ruwansu da gyaɗa. Haka koko da kunun tsamiya da kunun kanwa, da fura da nono ga yaron da madara ba ta damunsa, da dafaffen dankali da doya da rogo, da ƙwai da kifi da naman da aka dafa ko aka gasa a gida. Yaji ma ana iya daka shi da barkono da citta da kanumfari da masoro da gishiri, a turmin da aka keɓe, ba tare da ƙuli ba.

Aya, duk da cewa da Turanci ana sa ta a sahun gyaɗa saboda sunanta, saiwa ce da ba ta da dangantaka da ita. Amma dakuwa da aya da gyaɗa ake haɗa ta, saboda haka tana cikin abin gudu. Wake da waken suya da gurjiya dangin gyaɗa ne a wurin masana tsirrai, sai dai mafi yawan masu ciwon suna cin su lafiya, kuma babu dalilin hana yaro su idan ya saba ci ba tare da matsala ba.

Inda ake so a yi hattara shi ne ƙwallon yazawa da riɗi. Wani kaso na yaran da gyaɗa ke yi wa illa su ma waɗannan na tayar musu da ciwon. Tun daga watan Janairun 2023 Amurka ta sa riɗi cikin abubuwa tara da dole a bayyana su a jikin kwalin abinci. Kantun riɗi dai sai an tambayi likita.

Ga biskit da cakulan da sauran kayan kanti, a nan ne karanta rubutun ke da amfani, domin hukumar NAFDAC na buƙatar masu sarrafa abinci su jera abubuwan da suka haɗa shi da su. Akwai kuma abincin nan na leda da ake bai wa yara masu tamowa, irin su Plumpy'Nut, wanda da gyaɗa ake yin sa. Wajibi ne uwa ta sanar da ma'aikatan lafiya tun kafin a miƙa mata.

A waje da gida

Tukunyar gida mai sauƙin tsarewa ce. Wuyar tana ƙofar makaranta lokacin tara, da gidan suna da na biki, da buɗa-bakin azumi inda kunun gyaɗa ke yawo tsakanin maƙwabta, da yawon Sallah. A al'adar da mayar da abincin babba ke zama rashin kunya, yaro ɗan shekara biyar ba zai iya kare kansa ba sai an riga an yi wa kakanni da malaman boko da na Islamiyya bayani ƙarara.

Akan samu dattijan da ke cewa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Gaskiya ne akwai magani mai kama da haka a wasu ƙasashe, amma a asibiti ake fara shi, da awo, da allurar ceto a gefe. Yin sa a tsakar gida kasada ce da ran yaro.

Idan ciwon ya tashi da sarƙewar numfashi ko suma, allurar adirenalin a tsokar cinya ita ce magani. Piriton na rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro, kuma ɗura wa yaro manja ko madara ɓata lokaci ne da ka iya sa ya shaƙe. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, ko a zaunar da shi idan numfashi ne ya yi wuya, kada a tsayar da shi. Daga cikin birni, asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya fi kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma a irin wannan hali wanda ya fi kusa ake nufa.

Sauran yaran gidan fa?

Iyayen da suka ga abin da ya sami ɗa ɗaya kan so su hana ƙannensa gyaɗa gaba ɗaya. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ba da irin wannan shawara, cewa a jinkirta gyaɗa har shekara uku ga yaran da ake jin tsoron za su kamu, amma ta janye ta a 2008.

A 2015 Farfesa Gideon Lack na King's College da ke London da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwaji kan jarirai 640 masu ciwon fata mai tsanani ko masu ƙin ƙwai. Daga cikin waɗanda aka hana gyaɗa, kimanin kashi 17 cikin ɗari sun kamu da ciwon a shekara biyar, yayin da waɗanda aka fara ba su tun suna jarirai kimanin kashi 3 cikin ɗari ne suka kamu.

Ke nan kunun gyaɗar da iyaye mata ke fara bai wa jariri bayan wata shida na shayarwa ya yi daidai da abin da likitoci ke faɗa a yau, muddin mai laushi ne, domin ƙwayar gyaɗa na iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. Jaririn da ke da ciwon fata mai tsanani, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa da borin jini, shi ne ake so likita ya duba kafin a ba shi cokalin farko.